Koriyar Tasin Don Evaristo

Doña Herminia tana cikin goge wa wata mata farce, da hantsin wata Talata, sai ga namiji ya sunkuyo ta ƙofar shagonta, rungume da kwali kamar wanda ya ɗauko jariri. Shekara goma sha tara ke nan da ta buɗe shagon gyaran farce a ɗakin gaban gidansu, can saman tudun Cuautepec, kuma in ban da mai kawo ruwan sha, ba namijin da ya taɓa wuce dokin ƙofar. Mata uku da ke jiran layi suka juyo suna kallonsa. Yayarta Tencha, wadda aikinta a shagon shi ne dafa kofi da kwasar labarin unguwa, ta ajiye buta.

Kowa ya san shi. Don Evaristo ne, tsohon direban tasi, mai gida kusa da gidan burodi, wanda matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce.

"Barka da hantsi, Doña Herminia. Barkanku, 'yan mata."

"'Yan mata!" in ji Tencha. "Ƙaramar cikinmu jikokinta huɗu. Shigo, Don Evaristo. Hannu za a yi maka ko ƙafa?"

Mata suka kwashe da dariya. Kunnuwan mutumin suka yi jajir, amma bai juya ba. Ya ɗora kwalin a kan teburin Herminia, tsakanin kwalaben jan farce, ya buɗe a hankali.

Mota ce a ciki, ba ta wuce tsawon tafin hannu ba. Bocho ce, mai ƙusumbin kunkuru, irin waɗanda har yau suke hawa tudun unguwar suna gurnani. 'Yarsa ce ta aiko masa daga Monterrey ranar da ya cika shekara sittin da takwas. Guntayen roba ne ɗari da goma sha ɗaya, ya ce, kowanne a maƙale jikin firam, sai ka yanko shi, ka goge bakinsa, ka manna da gam. Mako uku ya yi yana haɗawa. Injin da ke baya ya fito tsaf, har da bel da salansa. Da ya zo kan fenti ne ya je ya sayo koren fentin ƙofa, ya shafa da buroshin da ya samu a gida. Motar ta fito duk gudaji, kamar an tsamo ta daga tukunyar miyar koren barkono.

"Ran Lahadi a coci," in ji shi, yana murza hularsa, "matar da ke gabana ta ɗaga hannu tana addu'a, na ga fure a farcenta, bai kai ƙwayar shinkafa ba, har da ganyensa. Na kasa jin huɗuba. Da aka tashi na tambaye ta, ta ce aikinki ne."

Herminia ta gyara zaman tabaranta. Shekararta hamsin da tara, mijinta ya rasu tun yara suna firamare, kuma an daɗe ba a yabi aikinta da irin wannan murya ba.

"Wannan ai ba wani abu ba ne," ta ce. "Bari mu fara cire wannan ƙazantar."

Ta jiƙa auduga da ruwan goge jan farce, ta danna a kan madugadin gaba na dama, ta riƙe, kamar yadda take yi wa farce sau hamsin a rana. Da ta ɗaga audugar, fentin ya fita. Robar ma ta biyo shi. Wurin ya yi laushi, ya lotsa, har da shatin babban yatsanta.

Ta dubi motar, ta dubi yatsanta. Aikin mako uku, kyautar 'ya, ga mata biyar suna kallo.

"Ya Maryamu! Don Evaristo, na rantse ban sani ba..."

Ya karɓi motar, ya kai ta bakin taga, ya ƙura wa lotsawar ido. Kafaɗunsa suka fara rawa. Herminia ta ɗauka kuka zai yi. Sai ya ɓarke da wata irin dariya har yana dukan cinya.

"Nan ne! Daidai nan! Doña Herminia, wa ya gaya miki? Shekara talatin ke nan, ranar bikin Budurwa Maryamu ta Guadalupe, na ɗauko wani mutum da talotalonsa, tsuntsun ya kwance, ya hau kaina, na daki falwaya. Nan wurin ya lotsa, kuma har na rabu da motar ban gyara ba!"

Ya jawo kujerar masu gyaran ƙafa ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba. Ya ce shi fa yanzu ya gane. Ba ya son sabuwar mota irin ta hoton kwali. Tasinsa yake so, wadda ya tuƙa shekara ashirin da biyu, da duk tabon da ke jikinta.

Daga ranar, ƙarfe goma sha ɗaya na yi sai ga shi, da kwalinsa a hannu ɗaya, da ledar burodi mai sukari a ɗayan.

Suka fara ɓalle gilasai da fitilu da sitiyari da sauran ƙananan guntaye suka mayar cikin kwali, sannan suka yi kwana huɗu suna kankare fentin ƙofar da magogin farce mafi laushi. Herminia ta daina ganganci. Duk ruwan da za ta shafa sai ta fara gwada shi a kan ragowar firam ɗin roba, ta bar shi ya kwana, ta ga ko zai ci. Ta shimfiɗa farin shafi a ƙasa, siriri, sau biyu. Sannan aka zo kan koren, aka yi kwana uku ana gardama.

"Ya yi duhu," in ji shi. "Duba fa. Wannan koren motar soja ne."

"To ga wannan."

"Haba, wannan ai na rigar amarya ne. Ƙara rawaya. Kin san ɗanyen lemun tsami, wanda bai ko yi tunanin nuna ba?"

"Don Evaristo, kwalba goma sha huɗu na buɗe maka."

"Ɗigo ɗaya, Doña Herminia. Ɗaya tak."

Ta ɗiga, ta juya da tsinke, ta shafa a kan firam. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Ga ta nan," ya ce.

Ta shafa shi sau uku, kowane shafi sai ya bushe ƙarƙashin kwanon gilashi saboda ƙura. Rufin ta yi masa fari. Layin da ya raba farin da koren da hannu ta ja shi, da buroshi mai gashi uku, numfashinta a riƙe, shi kuma yana tsaye a bayanta ya riƙe nasa. Da ta kai ƙarshe suka sauke tare, har audugar kan tebur ta tashi. Wannan ma ya ishe su dariyar minti biyar.

Kowane guntu da labarinsa. Ya ɓalle kujerar gaba ta fasinja ya jefa a kwali, domin tasin wancan zamani ba ta da ita, ta nan ake shiga baya. Ya ce sai an sa igiyar da yake jawo ƙofa da ita daga mazauninsa, Tencha ta tsinko zare daga bakin labule. Akwai takalmin 'yarsa na jarirai da ya rataye a madubi, Herminia ta ƙera shi da ƙullin da take gina farcen ƙarya da shi, ta ɗaura da gashin kanta guda. Hoton Budurwa Maryamu da ke gaban direba ta zana shi a kan ɓallin takarda, sai da gilashin ƙara girma ake ganin taurarin mayafinta. Da aka zo tsatsar ƙasan ƙofa aka rasa dabara, sai Tencha ta zo wucewa ta barbaɗa garin kirfa a kan ɗanyen fenti, ta yi gaba abinta. Ya fi tsatsar gaske kama da tsatsa.

Mata suka fara zuwa ba don farce ba. Wadda aka ba ƙarfe biyu sai ta zo sha ɗaya, ta ce hanya ce ta biyo da ita. Kowace tana da labarin koriyar tasi: wadda naƙuda ta kama a ciki, wadda aka nemi aurenta a kujerar baya, wadda ta cusa 'ya'ya shida da kwandon tumatir a guda ɗaya. Don Evaristo yana zaune a tsakiyarsu da ɗan hantsaki a hannu, yana ba da amsa kamar limamin coci ranar biki.

Ita kuwa Herminia, wani abu ya same ta da ba ta da sunansa. Tun ƙarfe goma take duban agogo. Ta rina gashinta ranar Laraba, alhali ranar Asabar take yi. Ta zuba wa kofinta gishiri ta shanye rabi kafin ta lura. In ya faɗi abin da ba na dariya ba ma sai dariya ta kufce mata, siririya, irin wadda rabonta da ita tun tana 'yar makaranta, ta toshe baki da bayan hannu. Wata rana tana sauraron yadda ya tsere wa ambaliya da fasinja huɗu, ta duba sai ta ga ta shafa wa matar mai kantin magani koren tasi a yatsu uku. Matar ta ɗaga hannu ta juya shi a haske, ta ce a ƙarasa sauran bakwai. Kafin mako ya fita rabin layin da koren farce suke yawo.

"Mina," in ji Tencha wata safiya, tana kallonta tana saka 'yan kunne, "yau wane waliyyi ake biki?"

"Ba komai, Yaya. Kunnena ne zai toshe."

"Shekara goma bai toshe ba, sai da aka kawo mota gyara?"

"Ke dai Allah ya shirye ki."

"Amin. Ki goge jan bakin, ya hau haƙori."

Ranar da madubin gefe ya ɓace, shagon ya kusa kifewa. Ɗan ƙaramin abu ne mai ƙyalli, bai kai ƙwayar wake ba. Aka share ƙasa, aka zazzage tawul, aka leƙa har cikin kofin kofi. Can Herminia ta dafe kai. Da safen ta yi wa Doña Chayo, mai sayar da tamal, wato turararren ƙullin masara, a bakin kasuwa, ado na duwatsu masu ƙyalli, domin za ta bikin baftismar jikanta. Ba ta ko cire atamfar aikinta ba ta fita da gudu, Don Evaristo yana binta yana haki, suka gangara layi uku. Suka tarar da Doña Chayo a ƙofar coci tana nuna wa dangin surukai hannunta. Ga madubin nan zaune daram a ɗan yatsanta na zobe, tsakanin duwatsu biyu.

"Ba wanda zai taɓa min shi," in ji Doña Chayo. "Shi ya fi kyau a ciki. Ku dawo bayan an ci abinci."

Dole suka zauna bikin. Aka ba su kujeru kusa da juna, aka cika musu faranti da kaza da miyar mole, wata tsohuwa ta tambaye su shekararsu nawa da aure. Don Evaristo ya ƙware da ruwan zoɓo. Herminia ta yi ta dukan bayansa tana dariya har hawaye ya wanke mata kwalli. Sai la'asar suka hau tudu da madubin a naɗe cikin takardar goge baki.

A mako na shida aikin ya zo ƙarshe. An shafa ruwan ƙyalli, an manna gilasai, an rubuta lamba. Abin da ya rage a kwalin bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Ran Litinin da yamma, bayan ya tafi, Herminia ta zauna ta dubi kwalin. Gobe za a gama. Jibi ƙarfe sha ɗaya zai yi, ba wanda zai sunkuyo ta ƙofa. Ta waiga, Tencha tana wanke kofuna ta ba ta baya. Ta sa hantsaki ta ɗauke sitiyarin, ta jefa shi cikin kwalbar baƙaƙen duwatsu, ta girgiza. Zuciyarta tana bugawa kamar ta saci akwatin baiko a coci.

Washegari ta tare shi da fuskar jimami.

"Don Evaristo, an yi abin kunya. Sitiyari ya ɓata."

"Ash!" in ji shi. Ya leƙa kwalin ya daɗe. "Kin ga kuma, fitilar hagu ma ba ta nan."

Herminia ta yi mamaki na gaske, domin jiya da idonta ta ga fitilar. Amma sai ta taya shi leƙa kwalin. Abu biyu sun fi abu ɗaya daɗewa wajen nema.

Kwana huɗu suna nema. Suka ja kabad, suka ɗaga leda, suka yi rarrafe ƙarƙashin tebur da tocila, gwiwoyinsu suna ƙara. Herminia tana nema ko'ina ban da kan kanta inda kwalbar take. In sun gaji sai su zauna su ci burodi, ya ba ta labarin fasinjan da ya manta da surukarsa a mota. Mata suna ta ba da shawara. Wata ta ce a kunna wa waliyyi Antonio, mai nemo abin da ya ɓata, kyandir, aka kunna.

Ran Juma'a shagon ya cika maƙil. Su biyun suna durƙushe a bayan kujerar wanke ƙafa, kawunansu na gab da haɗuwa, sai Tencha ta buga cokali a jikin buta.

"To, ya isa haka. Ni bayana ya gaji da kallonku. Don Evaristo, tashi."

Ya miƙe yana kakkaɓe wando.

"Mene ne a aljihun rigarka?"

"Aljihu? Ba komai, Doña Tencha. Biro ne."

"Biron ne kake shafawa duk minti biyu kamar mai ciwon zuciya? Ciro."

Ya dubi ƙofa, ya dubi mata, ya ga ba mafita. Ya zura yatsu biyu ya ciro hankici, ya warware. Fitilar hagu ta yi ƙyalli a tsakiya. Shagon ya ɗauki ihu. Herminia ta miƙe ta riƙe ƙugu, baki buɗe.

"Don Evaristo! Kai da girmanka! Ka bar ni ina rarrafe kwana huɗu?"

"Kada ki cika baki, Mina," in ji Tencha. "Miƙo min kwalbar can. A'a, ba ja ba. Baƙar."

"Yaya..."

"Kin ɗauka madubin bango na ado ne? Ina wanke kofi ina kallonki."

Tencha ta juye kwalbar a kan farin tawul, duwatsu suka watse, ɗan sitiyarin ya gangaro ya yi juyi biyu ya kwanta a gaban Don Evaristo.

Abin da ya biyo baya har gidan burodi an ji shi. Matar mai kantin magani ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa. Wata da hannunta ke cikin ruwan ɗumi ta kifar da kwanon. Herminia ta ja atamfa ta rufe fuska, tana jin kunnuwanta kamar an sa musu wuta, amma dariya ta ƙi barinta ta tsaya daidai. Ta leƙo ta gefen atamfar, ta ga shi ma ya rufe fuska da hula, hular tana rawa.

"Ku zauna ku gama motar nan yanzu a gabana," in ji Tencha. "In kuna da wata magana, ku yi ta da baki kamar manya."

Minti goma ya ishe su. Ita ta riƙe motar, shi ya ɗiga gam da tsinke, ya zura sitiyarin ta taga, ya zaunar da fitilar. Aka ɗora ta a tsakiyar tebur. Mata suka yi tafi, wata ta yi kukan hon da baki. Don Evaristo ya daɗe yana kallon tasinsa, sannan ya gyara murya sau biyu.

"Doña Herminia, gobe Asabar ana rawar danson a dandalin Ciudadela. Rabona da zuwa shekara shida. Ban sani ba ko ƙafata ta manta."

"Ni ai ban taɓa iyawa ba."

"To sai mu je mu ba mutane dariya."

"Za ta je," in ji mata huɗu a tare.

Ya zo ɗaukarta ƙarfe goma na safe, cikin farar riga da takalmi mai launi biyu, yana ƙamshin man aski. Duk layin ya fito ƙofa. A dandali ya taka mata ƙafa sau uku a waƙar farko, ita ta taka masa sau biyar, a ta uku suka daina ƙirgawa. Suka sha ƙanƙarar lemo a kan benci, ya daina kiranta da laƙabin girmamawa na Doña, ita kuma ta kasa daina ce masa Don, duk sanda ta gwada sai dariya ta ƙwace mata.

Da za su koma ya ce akwai wani shago a tsakiyar gari da yake so ta gani. Kwalaye ne tun daga ƙasa har rufi: motoci, jiragen sama, jiragen ruwa masu filafilai. Mai shagon, wani siriri mai gilashin ƙara girma rataye a wuya, ya tambaye su me suke nema. Don Evaristo ya buɗe baki zai yi bayani, Herminia ta riga shi.

"Wanne ne ya fi ɗaukar lokaci?"

Mutumin ya hau tsani ya sauko da wani ƙaton kwali, ya hure ƙurar kansa. Tsohuwar motar kashe gobara ce, da tsaninta da ƙararrawarta, guntaye ɗari huɗu da wani abu.

"Wannan," ya ce, "in mutum yana da haƙuri, wata takwas."

"Mu ba mu da sauri," in ji Don Evaristo.

"Ja kuwa ina da shi kala ashirin da uku," in ji Herminia.

Kwalin ya yi girman da mutum ɗaya ba zai riƙe shi a cikin jirgin ƙasa ba. Suka kama shi ita gefe shi gefe, suka tsaya a tsakiyar taragu, duk birkin da aka taka sai su yi tangal-tangal, guntayen suna kacau-kacau a ciki. Tun kafin su kai tasha ta uku sun fara gardamar wane ja za a shafa.